Ƙusa Mai Zane Shida

"Haska nan. Ba fuskata na ce ki haska ba, Lorraine, na san kamannina."

Na gyara riƙon tocilan. Armas Niemela yana durƙushe a kan tsohon kwali a garejinsa, ya kwance akwatin giyar injin kwasar ƙanƙara da ke ɗaure a gaban ƙaramar taraktarsa. Ranar Laraba ce da hantsi, sanyin kuwa har cikin haƙori ake jin sa. Ya tsoma yatsa cikin baƙin giris ya zaro, sai ga garin tagulla yana ƙyalli a jikin yatsan.

"Ga haƙoran giya nan," ya ce. "Shekara talatin da huɗu suna aiki, jiya suka zama gari."

"Ba za ta gyaru ba ke nan?"

"Komai yana gyaruwa, yarinya. Abin da nake so in sani shi ne me ya sa ta karye."

Yarinya yake ce mini, ina da shekara sittin da uku. Shi kuwa tamanin da ɗaya, kuma gidana yana kallon nasa tun ina amarya. Ranar Talata yana share hanyar ƙofar gidan Duane Koskela, maƙwabcinmu na hannun hagu, injin ya haɗiyi sarƙar karen Duane da ke binne cikin dusar ƙanƙara. Daga kicin ɗina na jiyo ƙarar, kamar an watsa cokula cikin injin niƙa.

Armas ya ɗauki sifana ya koma gaban injin, wurin murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tauna ƙanƙara. Ya kwance ƙusar gefen dama ya duba, ya ajiye. Ya kwance ta hagu da ƙyar, ya ɗaga ta cikin hasken tocilan. Ya kafa wa kanta ido.

Duk wanda ya taɓa tsayawa minti biyar a garejin nan ya sha wa'azin ƙusar fansa. Haka Armas yake kiranta. Ita ce ke riƙe murɗaɗɗen ƙarfen da sandar da ke juya shi, kuma da gangan aka yi ta da ƙarfe mai taushi. In injin ya ci karo da dutse ko sarƙa, ita za ta karye, giya ta tsira, ka sa wata ka ci gaba da aikinka. Ƙusa mai tauri kuwa, wadda ake yi wa zane shida a ka, ba ta karyewa, sai dai abin da ke bayanta ya karye. Na ji wannan wa'azi ya fi sau ɗari. Da kunne ɗaya nake jin sa, ina tunanin abin da zan ɗora a murhu.

"Zane shida," ya ce a hankali.

Na kawar da kai.

"Ba mai taɓa taraktar nan sai ni." Ya juya ƙusar a tafin hannunsa. "To ni na sa ta ke nan. Yaushe? Lorraine, yaushe na sa ta?"

Ni na sa ta. Ni Lorraine Harju, da hannuna, mako biyu kafin nan. Amma na tsaya riƙe da tocilan na ce masa, "Oho, ta ina zan sani?"

Ga yadda aka yi. Farkon Janairu aka kwantar da Armas a asibiti a Marquette kwana uku, suka buɗe masa wata jijiyar zuciya da ta toshe. A rana ta biyu dusar ƙanƙara ta sauko, wajen inci goma. Na tsaya a tagata ina kallon layinmu, gida bakwai, babu wanda ya fito. Shekara talatin Armas ne ke share mana hanya, tun kafin mu farka, ba ya karɓar komai sai kofi da yankan burodin nisu. Mun saba har mun manta cewa mutum ne ke yi. Raina ya ɓaci. Na ce yau zan nuna wa mazan layin nan abin kunyarsu. Na san inda yake rataye makulli, na sha ganin yadda yake jan shok ya tayar da ita, kuma tun ina budurwa nake tuƙa taraktar gonar babana.

Na share gida huɗu ina jin kaina a sama. A na biyar injin ya haɗiyi jaridar Lahadi da ta daskare ta zama kamar bulo, gefen hagu ya daina juyawa. Ƙusa ta karye. Na birkice garejin Armas kaf ina neman wata, gwangwani bayan gwangwani, ban samu ba. Sai na tsallaka gida na zazzage kwalbar ƙusoshin Rudy, mijina marigayi, na zaɓo wadda ta fi kowace kauri da ƙyalli. Har da cewa a raina, ke dai ba za ki karye ba, tsohon nan da son kayan araha yake. Na ɗaure ta tam, na ƙarasa aikin, na mayar da tarakta inda take, na goge sitiyari. Washegari rana ta fito, motar hukuma mai share ƙanƙara ta bi layi, komai ya bi ya sajje. Armas ya dawo ya ɗauka Duane ne ya yi da motarsa mai shebur a gaba, Duane kuwa bai musa ba. Ni ma na bar shi a haka, don na san halin tsohon in aka hau masa tarakta ba izini.

In da giya ce kaɗai, da sauƙi. Amma akwai maganar Gayle.

Gayle 'yarsa ce tilo, tana zaune a Green Bay. Tun rasuwar uwarta take so ta ɗauke shi, har ta samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita, mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. A teburin bikin godiya na Nuwamba suka yi yarjejeniya, ina zaune ina ji. Ta ce, "Baba, muddin kana iya buɗe hanyar gidanka da kanka, kuma kanka yana daidai, ba zan sake tayar da maganar ba. Ranar da ɗaya ya gagara, ka shirya jaka." Ya ce ya yarda, suka yi musabaha kamar masu cinikin saniya. Ba muguwa ba ce Gayle, tsoro ne ke cin ta. Amma irin matan nan ne da in sun yanke abu suke zagayawa suna tara shaida. Kuma ranar Asabar ɗin nan za ta zo duba shi bayan asibiti.

Ranar Alhamis ya buga waya kantin kayan gyara a Houghton. Suka ce irin wannan tsohuwar giya sai an aiko daga nesa, kwana goma in an yi sa'a. Ranar Juma'a da safe rediyo ta ce guguwa na tasowa daga tabki, inci ashirin kafin wayewar garin Asabar.

Kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba. Juma'a da azahar na gasa fasti biyu, irin burodin nan mai ciko, na cika su da nama da dankali da saiwar rutabega yadda yake so, na naɗe a tawul na tsallaka titi. Na tsara maganar a bakina tun daga ƙofata. Zan ce, Tsoho, ni ce, ka zage ni ka huta.

Na same shi a gareji ba ya aikin komai, yana tsaye gaban bango. A bangon katakon nan yake rubuta tarihin taraktar da fensir tun ranar da ya saye ta: ranar da ya canza baƙin mai, ranar da ya sa sabon bel, fulogi, batir, sarƙar taya. Layi ya bi layi har ya kusa kai ƙasa. A can ƙarshe akwai sabon rubutu. "Janairu. Na sa ƙusa mai tauri a hagu. Ban tuna ba."

"Me ye wannan kuma?" na ce.

"Gaskiya ce. Ba a yi wa bango ƙarya." Ya karɓi fasti bai ko buɗe ba. "Zauna, Lorraine. Jiya na zauna na karanto sunayen duk waɗanda muka yi aiki tare a kamfanin katako, mutum goma sha tara. Na kawo sha bakwai. Biyu sun ɓace mini."

"Ni ko sunan jikokina sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗo kan wanda nake nema."

"Ba wasa nake ba. Haka Babana ya fara. Ya zuba kananzir a tukunyar kofi, ya rantse ba shi ba ne." Ya shafa haɓarsa. "Gobe Asabar, amma ba zan hura wutar sauna in yi wankan tururi ba. Mutumin da ya sa zane shida bai sani ba, zai iya barin wuta a buɗe bai sani ba."

Tun da na san Armas bai taɓa tsallake saunar Asabar ba, har makon da aka binne matarsa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Sai ya riƙo hannun rigata.

"Alfarma ɗaya nake nema. Kada ki gaya wa Gayle zancen ƙusar nan. Ke kaɗai kika gani. In ta ji, na gama yawo."

"Armas..."

"Ki yi mini alkawari, matar Rudy."

Ya ba ni asirina in riƙe masa, yana roƙona kamar ni ce mai yi masa alheri. Na ji wani sanyi na rashin kunya ya sauko mini, don ga hanyar tsira ta buɗe ba tare da na nema ba. Na ce a raina, bari Gayle ta zo ta tafi, in hankalinsa ya kwanta sai in faɗa masa ranar Litinin. Na yi masa alkawari. Na tsani kaina tun kafin in rufe baki, amma na yi.

"To gobe fa?" na ce. "Bari in yi wa Duane magana ya turo motarsa, minti biyar ya gama. Ai sarƙar karensa ce ta jawo."

"Ke ma dai. Gayle a layin nan ta girma. Mota tura ƙanƙara take ta tara tsibi a gefe, inji kuwa yanka yake, ya bar bango a miƙe kamar an sa wuƙa. Kallo ɗaya za ta yi ta gane ba ni na yi ba. Sai ta ce ina tarakta, sai ta shiga gareji."

"To sai me? Inji ya lalace, laifi ne?"

"Inji ba ya lalacewa haka kawai a hannuna. Ta sani."

"Kada dai ka ce mini da hannu za ka yi. Likita ya ce ko jakar gishiri kada ka ɗaga."

"Wa ya ce zan ɗaga? Turawa zan yi." Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Tafi gida, yarinya, fastinki zai huce."

Guguwar ta zo yadda aka faɗa, har da ƙari. Asabar da safe, gari bai gama wayewa ba, na ɗaga labulen kicin da kofi a hannu. Layin ya shafe, ba a gane titi ba a gane lambu, akwatunan wasiƙa sun nutse sai kawunansu. Ga Armas can da jar hularsa, ya fito da babban makwashin nan na ƙarfe da ake turawa da ƙirji, wanda ya rataye tun zamanin da ba shi da tarakta. Ya riga ya ci kusan rabin hanyar daga ƙofar gareji. Yana turawa ya zubar a bayan gida, ya dawo ya ɗauki ƙaramin shebur ya gyara gefen, ya daddale shi ya miƙe sak, don ya yi kama da yankan inji.

Na zura takalma a kan kayan barci, na figi shebur ɗin Rudy, na ratsa titi ƙanƙara har cinya.

"Ka haukace ne? Ajiye abin nan!"

"In taya ni kika zo yi, ki yanka a miƙe. In faɗa kika zo yi, koma gida."

Fuskarsa ta yi wani fari-fari, gumi yana daskarewa a girarsa. Na san ba zan iya ƙwace makwashin daga hannunsa ba, sai na shiga gabansa ina kwasa da sauri don in rage masa. Ina kwasa ina zaginsa, yana gyara mini gefe yana cewa aikina kamar na kaza. Muna cikin haka Duane ya fito, ya tayar da motarsa, ya ture abin da ke ƙofarsa, ya buɗe wa kansa siririyar hanya ta ɗaya ɓangaren layin zuwa babban titi. Da ya hango mu ya danna ham sau biyu, ya ɗago hannu.

"Sannunku da motsa jini!" ya ƙwala ta taga. "Kifi na jira a tabki!"

Ya wuce. Na san Armas ba zai karɓi taimakonsa ba, amma ko tambaya bai yi ba. Har gobe ban yafe masa wannan ham ɗin ba.

Saura kamar taku goma sha biyu mu kai titi, na ji makwashin ya daina ƙara a bayana. Na juya. Armas ya zauna a cikin ramin da muka yanka, ya jingina da bangon ƙanƙarar, ya miƙe ƙafafu kamar mai hutawa a gindin bishiya. Hannunsa na dama yana dafe da ƙirji.

"Ba komai," ya ce. "Numfashi ne ya ɗan tsaya mini."

Na zaro waya daga aljihu na kira motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce sun taso, amma motar hukuma ba ta buɗe hanyar tudu ba tukuna, sai sun biyo bayanta. Ta ce in sa shi ya tauna asfirin, in rufe shi, kada in bar shi ya yi shiru. Na ruga cikin gidansa na kwaso bargo da kwalbar magani. Na durƙusa na tallafo kansa.

"Gayle ta ce sha ɗaya za ta iso," ya ce. "Saura kaɗan. Ki ƙarasa mini, ki yanka a miƙe."

"Rabu da hanya. Armas, ka ji ni. Ka buɗe ido ka ji ni."

Ya buɗe.

"Ni na sa ƙusar. Lokacin da kake asibiti na ɗauki taraktarka, ta haɗiyi jarida, ƙusa ta karye, na nemi taka ban samu ba, na ɗauko ta Rudy na sa. Ba kai ba ne. Ba ka manta komai ba. Ni ce."

Ya kalle ni. Dusar tana sauka a gashin idonsa, ina share masa da yatsa.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Tun Laraba kin sani?"

"Tun Laraba."

Na jira zagi. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, ashe dariya yake, irin wadda ba ta da ƙarfin fitowa.

"To kaina lafiya ke nan," ya ce. Ya ja numfashi da ƙyar. "Da na hura sauna."

"Za ka hura. Mako mai zuwa ni zan faso maka itace."

"Ƙarƙashin kujera suke, Lorraine."

"Me?"

"Ƙusoshin. Na manna su ƙarƙashin kujerar tarakta. Sau nawa na faɗa miki?"

Ya faɗa. Ina jin haka na tuna ya faɗa, ba sau ɗaya ba, a ƙarshen wa'azin nan da ba na saurara. Bai sake magana ba. Na yi ta kiran sunansa, na danna ƙirjinsa yadda matar ke faɗa mini a waya har hannuna ya mutu. Minti arba'in da bakwai kafin motar asibiti ta shigo layinmu a bayan motar hukuma. Matasan da suka zo da ita suka yi abin da za su iya, amma na ga yadda suka kalli juna. Gayle ta iso sha ɗaya da kwata, ta tarar da ni zaune a matakalar gidan ubanta da bargonsa a cinya.

A garinmu ba a haƙa kabari da hunturu, ƙasa ta fi ƙarfin inji. Aka yi masa addu'a a coci ranar Alhamis, aka kai akwatin ɗakin ajiya na maƙabarta ya jira Mayu tare da sauran waɗanda sanyin bana ya ɗauka. Bayan addu'a aka sauka ɗakin ƙasa shan kofi. Duk layinmu ya hallara, gida bakwai, kowa da farantin nisu a hannu yana ba da labarin yadda Armas ke share masa hanya. Duane ne ya fi kowa baki. Ya miƙe ya ce, "Irin su Armas sun ƙare. Da ya yi mini magana, wallahi minti biyar na gama masa." Na ajiye kofina na fita, don in na tsaya zan watsa masa shi a rigar cocinsa. Amma da na isa mota na tambayi kaina, ni da Duane wa ya fi wani? Shi bai tambaya ba, ni kuwa na sani na yi shiru.

Washegari Gayle ta kira ni in taya ta tattara kaya. Na same ta a gareji, tana tsaye inda ubanta ya tsaya, tana karanta bango. Idonta ya kumbura.

"Anti Lorraine, kin ga wannan? 'Ban tuna ba.' Na faɗa, na faɗa, kowa yana gani na kamar muguwa. Kansa ya fara tafiya, shi ma ya sani. Da na ɗauke shi tun Nuwamba da yanzu yana raye."

"Kansa ƙalau yake, Gayle. Ni na sa ƙusar nan."

Na ba ta labarin tun daga jaridar Lahadi har zuwa abin da ya faɗa a cikin ramin. Ban rage komai ba, har alkawarin da na yi masa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta dafa kafaɗata.

"Na san kina ƙaunarsa, Anti. Ba sai kin ɗora wa kanki don ki wanke shi ba."

"Ba wanke shi nake ba, gaskiya nake faɗa miki!"

"Ƙusa ce fa. Don Allah. Mutum mai hankalinsa, mako biyu da aikin zuciya, zai fita kwasar ƙanƙara da hannu saboda ƙusa?" Ta share hanci ta ɗauki kwali. "Za ki so kwanukan Mama? Ni ba ni da wurin sa su."

Har yau haka take ba da labarin a Green Bay, cewa ubanta ya rikice a ƙarshe. Na rubuta mata wasiƙa sau biyu, ta aiko mini da katin godiya mai hoton furanni.

Kwana goma cif da wayar da Armas ya buga kanti, mai kawo saƙo ya ajiye ɗan ƙaramin kwalin sabuwar giyar a matakalar gidan. Gayle ta riga ta koma, ta bar mini makulli kafin a sa gidan a kasuwa. Na ɗauki kwalin na kai gareji na ajiye a kan benci kusa da akwatin giyar da ya bari a buɗe, sifanarsa tana nan inda ya ajiye ta. Sai na kama kujerar taraktar na ɗaga. Ga su nan, guda biyar, a jere, an manne su da baƙin tef, kawunansu sumul babu zane ko ɗaya. Ranar da na birkice garejin nan, a kansu na zauna awa biyu.

Na je bango na lashi babban yatsana na murza layin ƙarshe. Fensirin ya baje ya yi baƙi, amma ya danna rubutun da ƙarfi, haruffan sun shiga cikin katako. In ka tsaya ta gefe kana iya karanta su.

Ba wanda ya sake share hanyar gidan a hunturun nan. Layinmu kuwa kowa ya koyi fitowa da shebur ɗinsa. Dusar ƙanƙara ta yi ta sauka a Fabrairu da Maris, tana rufe ramin kaɗan kaɗan, amma ba ta cike shi ba. Kowace safiya in na ɗaga labulen kicin ina ganin sawunsa, wani dogon kwari mai miƙaƙƙun gefuna da ya taso daga ƙofar gareji, ya nufo titi, ya tsaya saura taku goma sha biyu.